Taɓon Tarakta a Gonar Ƙanina

Ni ne babba a ɗakinmu. Ni aka sa a makarantar boko, ni na samu aikin gwamnati a Gaya, ni nake da tebur da kujera. Amma shekara da shekaru, in na shiga motar Ajingi na faɗi sunan ƙauyenmu da ke bayan Toranke, sai wani ya waiwayo ya ce, "Ashe ka san mai irin dawa?" In ce ƙanina ne. Sai ka ji an ce, "Kai, Allah ya yi masa albarka." Ni kuwa a bar ni da jakar takarduna a cinya, ba mai tambayar aikin da nake yi. Na sha yin murmushi a wurin nan har kumatuna su gaji.

Ba zan ɓoye ba, hassada ce. Na daɗe ina sa mata sunaye masu daɗi, wani lokaci in ce damuwa ce, wani lokaci in ce ina dai son yaron ya san girman na gaba da shi. Yaron nan kuwa lokacin yana da furfura a gemu.

Da Baba ya rasu aka raba mana gona, ni na fara zaɓa, don ni ne babba. Na ɗauki ta bakin hanya, mai faɗi, wadda duk mai wucewa zai gani ya tambayi ta wace ce. Shi ya ɗauki ta can ciki, wadda sai ka bi burtali ka yi tafiya kafin ka isa. Ban yi shekara biyar ba wuta-wuta ta cinye tawa. Tsofaffinmu ƙuduji suke ce mata. Ciyawa ce mai jan fure kyakkyawa, wadda take kama saiwar dawa da gero a ƙarƙashin ƙasa ta tsotse su, kafin ka ga kanta a waje ta gama ɓarna. Irinta ya fi garin tuwo laushi, ido ba ya ganinsa, kuma in ya shiga ƙasa sai ya yi shekaru a kwance yana jiran ka shuka hatsi. Kusan duk gonakin yankinmu suna da ita, wasu kaɗan, wasu har sun haƙura da dawa sun koma gyaɗa.

Gonar ƙanina ce kaɗai ba ta da ko ɗaya. Shi ya sa mutane suke zuwa neman iri wurinsa, daga Gafasa, daga Ajingi, har daga bayan Gaya. Wasu su saya, wasu su kawo dawar ci a yi musaya. Dawar kaura ce irin ta Baba, amma ba don kaurar kaɗai suke zuwa ba. Sun san in suka shuka tasa ba su shuka wa kansu masifa tare da ita ba. Da wannan yake riƙe gidansa, da wannan yake riƙe Inna, mahaifiyarmu, wadda ta ƙi biyo ni Gaya.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda ya gano sirrin. Ba a littafi ya karanta ba, don karatunsa na allo ne. Tun muna samari ya lura cewa wuta-wuta ba ta fara fitowa a tsakiyar gona. Kullum daga bakin shiga take farawa, wurin da garmar aro ta fara kafa baki, wurin da mutane suke tsayawa su gaisa. Ya ce ai ɗauko ta ake yi, a ƙafa, a kofato, a jikin fartanya. Ni da na yi darasin noma a makaranta har na ci jarrabawa, ban taɓa tsugunawa na duba ba.

Sai ya kewaye gonar da shingen aguwa, ya bar ƙofa ɗaya. A bakin ƙofar ya ajiye tsintsiya, da guntun ƙarfe na ƙwaƙule ƙasa daga ƙasan takalmi, da tsohon baho na ruwa, da silifas 'yan ƙafa huɗu a cikin kwando. Duk wanda zai shiga, ko wane ne, sai ya cire takalminsa ya sa na gonar, ya kakkaɓe ƙafar wando, ya juye jakarsa ko buhunsa a waje. Garmar shanunsa ba ya ba da aronta, ba ya kuma aron ta kowa. In an yi girbi ba ya yarda zangarniya ta taɓa ƙasa, a kan tabarma ake zubawa. Da farko mutanen gari sun mai da shi abin dariya, suna cewa gonar wane ta zama masallaci, sai an cire takalmi. Da suka ga rumbunsa suka daina dariyar.

Malamin gona ya riƙa kawo masa baƙi. Na taɓa tarar da su, mota biyu, manyan mutane da shadda mai maiƙo, suna tsaye a kan ƙafa ɗaya suna cire takalmi, ƙanina yana nuna musu inda ƙasa take maƙalewa. Ba ya ɗaga murya, ba ya wa'azi. Cewa kawai yake, "Ranka ya daɗe, a taimaka a duba ƙasan takalmin. Ba a san inda ya taka jiya ba." Su kuma sai su yi ta jin daɗi, suna ɗaukarsa hoto da waya. Ni da na zo a bayansu, ɗan gida, sai ya dube ni ya ce, "Yaya, ta gonarka ka biyo?" Na ce e. Ya miƙo min tsintsiya da hannu biyu, da ladabi, a gaban mutane. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Inna ma ba ta taimaka ba, ko da yake ba da gangan take yi ba. In na kawo buhun shinkafa sai ta sa albarka ta ce a ajiye saboda baƙi. In aka tuƙa tuwon dawar ƙanina kuwa, sai ta yi loma ɗaya ta lumshe ido ta ce, "Kamar mahaifinku yana nan." Ban taɓa kawo abin da ya sa ta lumshe ido ba.

Wata shekara, ana dab da saukar damina, ɗaya daga cikin shanun huɗarsa ya karye a ƙafa, dole aka yanka. Ruwan shuka ya sauka, kowa ya fita, shi yana tsaye da sa ɗaya. Ba zai ari garmar kowa ba, kuma bai samu wani sa da zai haɗa da nasa ba. Da labarin ya iske ni a ofis na ce, "Ayya, Allah ya mayar da alheri." A zuciyata kuwa sai na ji wani sanyi. Yau ga ranar da mai iri zai buƙaci mai biro.

Bai roƙe ni ba, ni ma ban jira ba. Na nemo wani mai tarakta na yi magana da shi ba tare da na gaya wa ƙanina ba. Kuma don kada alherin ya tafi ba shaida, na gayyaci maigidana na wurin aiki da abokan aikina biyu, waɗanda suka daɗe suna damuna in kai su ganin gonar da ake ta labari. Na so su tsaya su ga wane ne yake riƙe da gidan nan in abu ya ɓaci.

Ranar Asabar da hantsi muka je ɗauko taraktar a wata gona ta wajen Gafasa, inda direban yake ƙarasa wani aiki. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta jiƙe. Da na sauka daga mota na ga busassun karan wuta-wuta na bara a gefen gonar, tuli guda, irin wanda ake sharewa a tara. Na san su sarai, tawa gonar cike take da su. Na kuma ga fayafayan ƙarfe na garmar taraktar, kowanne ya yi kauri da taɓo, tayoyin ma haka. Na gani da idona, shi ya sa ba zan iya cewa ban sani ba. Na dai ce wa direban ya biyo mu.

Ƙanina yana cikin gona da fartanya, yana ƙoƙarin yin kunya da hannu, da ya ji ƙarar inji. Ya fito bakin ƙofa ya tsaya. Na sauka ina gyara babbar riga na ce, "To, ajiye fartanyar nan. Yau ka huta."

Fuskarsa ta yi haske, wannan ba zan hana shi ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya gaida baƙi, ya ce, "Yaya, Allah ya saka da alheri. Allah ya bar zumunci." Sai ya zagaya bayan taraktar. Ya sa ɗan yatsa ya ɓanɓaro taɓo daga jikin faifai, ya murza a tafin hannu.

Ya tambayi direban, "Malam, daga ina aka fito?"

Direban ya faɗa masa. Ƙanina ya san gonar, ya san mai ita.

Ya dawo kusa da ni ya rage murya. "Yaya, a ba ni ɗan lokaci in wanke ta. Zan ɗauko jarkoki a kan mashin, rijiya ba nisa. Ni zan kankare da kaina."

Direban ya ji, ya ce shi fa mutum uku suna jiransa kafin la'asar, kuma shi tunda yake aikin nan ba a taɓa yi wa taraktarsa wanka a bakin gona ba. In ana so ya shiga, in ba a so ya juya.

Da a ce mu biyu ne a wurin, wataƙila da na ce a wanke. Amma ina waiwayawa sai na ga maigidana, mutumin da nake miƙewa tsaye in ya shigo ofis, ya riga ya zauna a kan kututture yana cire takalminsa ba wanda ya ce masa. Ya ɗauki guntun ƙarfen nan yana ƙwaƙule ƙasa yana dariya. Ya ɗago ya ce min, "Ka ga mutumin da ya san abin da yake yi. Wallahi ƙanin nan naka ya fi mu ilimi, mu takarda kawai muka tara." Abokan aikina suka ce gaskiya ne.

Ni na kawo tarakta, ni na kawo baƙi, man motar ma ni na zuba. Ko minti goma ba mu yi da isowa ba, yabon ya tsallake ni ya koma inda ya saba zuwa.

Na ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Kai wai me kake ji da shi ne? In ɗauko abu tun daga Gaya in kawo maka, ka tsaya kana min iyayi a gaban mutane? Ƙasa ce fa, ba kashi ba."

Ya ce, "Yaya, ba haka nake nufi ba."

"To me kake nufi? Ni ne mai datti, ko? Duk abin da ya fito daga hannuna sai an wanke? Gonar nan ta ubanmu ce, kafin ka san fartanya nake shigarta. Buɗe masa ya shiga."

Maigidana ya sunkuyar da kai yana kallon silifas ɗin da ke ƙafarsa. A gidanmu ƙane ba ya ja da wansa a gaban baƙi, ko da wan ya ce rana daga yamma take fitowa. Haka Baba ya tarbiyyantar da mu, kuma na san da haka lokacin da na ɗaga murya. Da wannan na kama shi, don ba ni da wata hujja.

Ya dube ni, ya dubi fayafayan. Sai ya je ya janye bahon ruwan gefe, ya ɗauke kwandon silifas. Ƙofar ta yi wa tarakta ƙanƙanta, don haka ya ɗauko adda ya sare aguwa biyu da hannunsa. Direban ya taka, inji ya yi ƙara, fayafayan suka nutse. Ina kallon taɓon yana ɓallewa yana faɗuwa a jan ƙasar gonar, baƙi-baƙi, faifai na baya yana bi yana juya shi ciki. Kafin azahar ya gama gonar kaf, daga wannan shinge zuwa wancan.

Matar ƙanina ta aiko da fura, muka sha a gindin darbejiya. Ya raka mu har mota, ya sake yin godiya. A hanyar komawa Gaya na ji na yi tsawo a kujerata. Na ce wa kaina ai 'yar ƙasar nan ba za ta yi komai ba.

A daminar farko wuta-wuta kaɗan ta fito, daga bakin ƙofa zuwa kunya goma na farko. Bai aiko min ba. Ni na je gaida Inna ta ce yana gona tun asuba, kullum haka, da buhu a kafaɗa, yana bin kunya ɗaya-ɗaya yana tuge wata ciyawa yana kaiwa waje ya ƙona. Ta ce, "Ban san me ya same shi ba, ko abinci ba ya zama ya ci." Na ce ai damina ce, kowa haka yake. Ban ƙarasa gonar ba.

A damina ta biyu ta fito ko'ina. Taraktar ta raba ta daidai, ba kusurwar da ta manta. Ya tuge ta gabas, kafin ya kai yamma ta gabas ta sake tsirowa. Dawar ta tsaya iya gwiwa a wurare, ganyenta ya yi ja kamar an babbaka. Mutum ɗaya da hannu biyu ba zai iya ba, ko da 'yan ƙwadago, don dole wata ta ɓuya a gindin kara ta yi fure. Wata ranar Juma'a na bi burtali na leƙa ta saman shinge. Na ga furen nan jefi-jefi a cikin gonar da ba ta taɓa saninsa ba.

Wannan ne wurin da na fi jin kunyar rubutawa. Kafin baƙin ciki ya zo, daɗi na fara ji. Bai daɗe ba, kamar ƙiftawar ido, amma na ji shi, kuma na gane shi. Zuciyata ta ce, yanzu mun zama ɗaya. Na nemi gafarar Allah a wurin, na juya ban yi masa sallama ba, alhali ina hango bayansa a sunkuye.

Da bazara ta kawo kai mutane suka fara zuwa neman iri kamar yadda suka saba. Na zo gida ran nan bayan sallar Juma'a na tarar da su a ƙofar gida, sun kai goma sha, kowa da buhunsa a naɗe a hammata. Ƙanina ya fito ya gaisa da su, ya ƙi zama.

Ya ce, "Jama'a, ku yi haƙuri. Bana ba ni da irin da zan ba ku. Dawa tana nan a rumbu, in ta ci ce ku ɗiba. Amma ta shuka ba zan ba kowa ba. Ƙuduji ya shiga gonata, ya yi fure, kuma ba zan iya rantsuwa cewa bai bi zangarniya ba."

Wani ya ce ai ko a haka tasa ta fi ta kasuwa, ya dai ba su. Ya girgiza kai ya ce ba da hannunsa ba.

Akwai wani dattijo daga wajen Gafasa, abokin Baba ne, tun muna yara yake zuwa gidanmu. Ya dogara da sandarsa ya ce, "Ɗana, kai da ko kaza ba ta shiga gonarka da ƙasa a ƙafa, ta ina ya shigo?"

Ina tsaye a gefe, hannuna a aljihu.

Ƙanina ya ce, "Sakacina ne, Baba. Na bar kayan aiki suka shiga ban wanke ba."

Dattijon ya yi salati. Sai ya juyo gare ni. "To, Malam, kai ne ka yi karatu, kai kake zaune da manya. Ka gaya mana, yanzu me ya kamata mu yi? Mu da muka dogara da shi, ga shi shi ma ta ci shi."

Duk suka juyo. Shekara ashirin ina jiran mutanen nan su juyo su dube ni haka. Ga gaskiya a bakina, kalma biyar ta isa. Sai na yi gyaran murya na fara bayani. Na ce a riƙa duba takalmi da ƙafar wando kafin a shiga gona. Na ce a juye buhu a waje, kada a ari garma sai an kankare ta, tarakta kuwa ita ce ta fi haɗari, don tana yawo gona goma a yini da taɓo a jikinta. Na ce ko baƙo ne, ko babban mutum ne, kada a ji nauyinsa. Maganar ƙanina ce kaf, na dai jera ta da irin Hausar ofis. Suna ta gyaɗa kai. Wani ya ce, "Ilimi da daɗi." Da za su tafi kowa ya zo ya ba ni hannu biyu, suka wuce da buhunansu a naɗe yadda suka zo da su.

Muka rage mu biyu a ƙofar gida. Na kasa dubansa. Na ce, "Me ya sa ba ka gaya musu ba?"

Ya ce, "In na gaya musu, Yaya, da wane ido za ka riƙa shigowa garin nan gaida Inna?"

Ya shiga murza yatsunsa, irin na mutumin da bai saba roƙo ba. Sai ya ce gonar tasa gyaɗa zai zuba mata, shekara nawa ne Allah kaɗai ya sani. Surukinsa ya ara masa wani ɗan fili da aka daɗe ba a noma ba, mai tsabta ne, ya zagaya shi ya duba. Yana so ya sa dawa ko don tuwon Inna, amma ba zai kai irin dawarsa can ba.

Ya ce, "Kai ka san mutane, Yaya. In akwai wanda ka yarda da irinsa, ka taimaka ka nemo min ko kwano biyu ne. Ba ni da abin shukawa."

Tun da aka haife shi wannan ne karo na farko da ya roƙe ni wani abu. Na tsaya ina lissafa mutanen da na sani, daga Gaya har Ajingi, na ofis da na kasuwa da na ƙauyuka. Mutum ɗaya na sani wanda a da ake iya rantsuwa a kan irinsa, shi ne yake tsaye a gabana yana jiran amsa.